Kiran Baba a Ɗakin Duhu

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci, a teburin mai shayi, a ɗakin malamai, kowa abin da yake cewa ɗaya ne: "Habu, yaya Jamus? Me ka gano? Yaushe za ka koma?" Na ba da labarin gutsi-gutsi har na rasa abin da na gaya wa wane da abin da na tsallake. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in tura masa. Ina neman afuwa tun yanzu, don ni ba gwanin labari ba ne, kuma akwai abubuwan da har yau ban tabbata na fahimce su daidai ba.

Ga wanda bai san asalin tafiyar ba: kimiyyar sinadarai na karanta, na yi digiri na biyu da ƙyar, na dawo Birnin Kudu ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, inda a allo nake zana wa ɗalibai kwalaben gwaji saboda babu na gaske. Wani tsohon malamina ne ya sa ni neman gurbin horo na 'yan makonni a wata jami'a a Jamus, aka kuma ɗauke ni. An faɗa mana tun farko cewa in an gama, shugabar ɗakin binciken za ta riƙe mutum ɗaya daga cikinmu ya yi digirin digirgir. Wannan gurbin na je nema. Shekaruna sun fara ja, kuma ban ga alamar wata ƙofa irin wannan za ta sake buɗe mini ba.

Na fara zuwa garinmu Farin Dutse, can wajen Gwaram, yin sallama. Baba yana zaune a zaure ya miƙe ƙafafu, don gwiwoyinsa sun daɗe suna ba shi wahala. Bai yi doguwar magana ba, ya ce in riƙe salla, in riƙe girman na gaba da ni. Inna kuwa, da yake ni ne ɗan fari, ba ta ko dube ni ba, sai dai na tarar jakata ta ƙara nauyi: kilishi, kuka, daddawa, yaji da ƙuli-ƙuli.

Daga Gwaram na shiga motar wani Alhaji Ɗanladi, wanda ya ɗora ni a gaba tare da wani mutum mai buhun riɗi. Da ya ji inda za ni, sai ya rage rediyo.

"Jamus! Gyaran injin niƙa za ka koyo?"

Na ce a'a, aiki ne a kan abubuwa ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani.

"Ido ba ya gani?" Ya juyo ya dube ni, ni kuwa hankalina yana kan hanya. "To Malam, in ka kwanta ka yi barcinka ka ce ka yi, wa zai ƙaryata ka? Don Allah in akwai sauran wuri ka sa sunana."

Motar duk aka yi dariya. Ni ban samu yi sosai ba, saboda taya ta yi faci kafin mu kai Birnin Kudu, na tsaya a bakin titi ina duba agogo, alhali jirgin sai jibi. A Kano na kwana gidan kawuna, na sake duba fasfo da biza har matarsa ta ce in kawo ta ajiye mini kafin in goge rubutun da yatsa.

Jirgi ba ni da abin cewa a kansa, sai dai sanyi da ciwon kunne. A inda muka sauka, jami'in shige da fice ya tambaye ni abin da ya kawo ni. Na shirya wannan amsar tun daga gida, na fara yi masa bayani daga tushe. Ban kai rabi ba ya buga hatimi ya kira na bayana. Wajen kwastan ne aka samu tsaiko, don wani kare ya zo ya zauna kusa da jakata ya ƙi tashi. Wata ma'aikaciya ta buɗe. Kilishin Inna ta fara cirowa, ta ce ba a shiga da nama, ta jefa a kwandon shara ina kallo. Kuka ta tambaya ko shayi ne, na ce miya ce, ta daɗe tana dubanta sannan ta mayar. Da ta kwance ƙullin daddawa sai ta ja da baya, ta ɗaure da sauri ta miƙo mini da tsinin yatsu. Ina jin warinta ne ya cece ta.

Masaukin ɗalibai ne aka ba ni, ɗaki ƙarami mai tsabta, ga shiru kamar ba kowa a ginin. Washegari na haɗu da maƙwabcina a matakala na tsaya in gaishe shi sosai, in tambayi iyalinsa. Mutumin ya tsorata, ya tambaye ni ko wani abu ya lalace. Daga baya na gane gaisuwarsu kalma ɗaya ce, ana yinta ana tafiya. Ban ce rashin kirki ba ne, don mutumin nan shi ya koya mini yadda ake sayen tikitin jirgin ƙasa, sai dai ni kullum ji nake kamar na bar wani abu a baya ban ɗauka ba.

Banɗaki babu buta, sai da na yanka robar ruwa. Shara kuma kwanduna ne kala-kala, kowane da abin da ake zuba masa, na taɓa tsayawa da ganyen shayi a hannu na rasa gidansa, ƙarshe na koma da shi ɗaki. Ranar Lahadi ta farko na fita cefane na tarar kowane kanti a kulle, na wuni a kan ƙuli-ƙuli da wani ruwa mai gas da na saya bisa kuskure. Abincinsu burodi ne da cuku, safe da yamma, kuma da sanyinsa. Sai da na gano shagon wani dattijo Baturke mai naman halal, wanda ya amsa mini sallama cikakkiya, sannan na ji ƙafata ta taka ƙasa. Ranar da na kaɗa miyar kuka a kicin ɗin da muke tarayya, maƙwabcina ya shigo, ya buɗe tagogi duka a cikin wannan sanyin, ya fita.

Shugabar ɗakin binciken sunanta Katrin. A keke take zuwa aiki, ita take wanke kofinta. Ranar farko na ɗan rusuna zan gaishe ta, ta sunkuya ita ma tana duba ƙasa, a zatonta wani abu na yar. Ta ce in riƙa kiranta da sunanta kawai. Na gwada, bakina ya ƙi, har na baro ƙasar Farfesa nake ce mata. Cikin waɗanda muka yi horon tare, wadda muka fi sabawa ita ce Wanjiru, 'yar Kenya, mai saurin hannu da saurin baki. Da ta ji cewa Malam Ƙarami ake kirana a gida, sai ta koma ce mini Malam, musamman in za ta zolaye ni.

Bari in gwada bayanin aikin, iyakar fahimtata. Kun san DNA, zaren nan da ke cikin jikin kowane mai rai. Su a can ba don gado suke amfani da shi ba, kayan saƙa suka mai da shi. Ana samun dogon zare ɗaya, a haɗa shi da gajerun zarurruka masu yawa a cikin ruwan gishiri, a dafa, sannan a bar shi ya huce a hankali. Kowane gajere an tsara shi ya kama dogon a wurare na musamman, to da suna kamawa sai dogon ya nannaɗe da kansa ya zama 'yar tabarma. Ƙanƙantarta ta wuce misali, dubbai za su zauna a kan tsinin allura ba su matsu ba. A kan wannan tabarmar ake ɗaura ƙwayar sinadari guda ɗaya tal, mai ba da haske in an haska ta. Gwanintar ba ajiye ta a wurin da ake so ba ne kaɗai, har da inda za ta fuskanta. Ana ɗaure ta ta kai da ta ƙafa don kada ta yi lilo. Ni dai da sahun salla na riƙa kwatanta abin a raina: kowa da wurin tsayuwarsa, kuma fuska ɗaya ake so. Farfesa ta ce ƙwayar kamar eriyar rediyo take, inda ta juya shi ke nuna yadda za ta karɓi haske ta mayar, kuma in an iya sarrafa wannan, zai iya taimakawa wajen kayan gwajin cututtuka da makamantansu. Ta ce zai iya, ba ta ce ya riga ya yi ba.

Aikin da aka ba kowannenmu shi ne ya saƙa tasa tabarmar, ya ɗaura ƙwayar, ya shimfiɗa a kan gilashi, ya auna ƙwayoyi masu yawa a na'urar hangen ƙananan abubuwa, ya nuna cewa sun fuskanci inda ya nufa. Ni mutum ne mai nawa. Kafin in ɗiga ruwa ɗaya sai na karanta jikin kwalba na sake karantawa.

"Malam, kwalbar nan ba ta canja suna ba tun ɗazu," in ji Wanjiru.

Duk da haka gwajina na farko bai naɗe ba, na biyu ya naɗe amma ya cure wuri ɗaya kamar tuwon da bai tuƙu ba. Sai a makon ƙarshe na samu wanda ya yi kyau, shi ma ɗan kaɗan. Da na zo zubawa a gilashi, sai kumfar iska ta shiga ta cinye yawancin wurin. Ɗan lungu ɗaya ya rage mai kyau.

Na'urar tana wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, babu taga, ba a kunna fitila. Kowa da lokacinsa, kuma a can in lokacinka ya cika ya cika, babu "ɗan jira ni". Nawa na ƙarshe ya faɗo da hantsi, ana jibi za mu gabatar da sakamako. Farfesa ta riga ta gargaɗe mu cewa kowace ƙwaya haskenta ƙayyadadde ne. In ka daɗe kana haska ta da leza, wato hasken nan mai ƙarfi na na'urar, sai ta mutu, ba ta sake kamawa.

Na ɗora gilashin, na ƙara ƙarfin lezar, na sa na'urar ta riƙa zagaya lungun nan don in daidaita saiti, da niyyar in rage hasken nan take. Sai ga su a allon kwamfuta, ɗige-ɗige kore a cikin baƙi, birjik. In hasken ya juya sai su dushe tare, su sake kamawa tare, alamar fuska ɗaya suke kallo. Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Ina ganin tun da na fara karatu ban taɓa ganin aikin hannuna ya yi daidai haka ba.

A nan wayata ta fara rawa a aljihu. Lambar Malam Sale ce, mai shago a garinmu.

Sai na yi muku bayanin abin da wannan yake nufi. A unguwarmu babu sabis sai an hau dutsen bayan gari, kuma babbar wayar da ake kiran ƙasar waje da ita ta Malam Sale ce. Tun da na tafi ba a kira ni daga gida ba, saƙo kawai nake aikawa. Abin da ya fara zuwa raina shi ne rasuwa. Na ɗauka, muryar tana yankewa saboda ɗakin a ƙasa yake, na fita a guje na hau matakala har inda ta washe.

"Salamu alaikum. Malam Ƙarami, kai ne?"

Baba ne da kansa, yana haki. Da waɗannan gwiwoyin ya hau dutsen.

Ban san lokacin da na durƙusa a kan matakalar ba. "Ni ne, Baba. Barka da hantsi. Lafiya dai?"

"Lafiya ƙalau. Ka kwana lafiya? Yaya baƙunta?"

"Alhamdu lillahi, Baba."

"Yaya sanyi? An ce har ƙanƙara ke zubowa."

A daidai nan na tuna lezar. Ina so ku fahimci wannan, don ba mantuwa na yi ba. Na tuna sarai, na san tana can tana zagaya lungun da cikakken ƙarfi. Ɗakin ba nisa, amma in na sauka wayar za ta yanke. Abin da ya kamata in ce shi ne, "Baba, ina zuwa." Kalmomi uku. Tun da aka haife ni ban taɓa faɗa masa su ba, kuma na buɗe baki na ji babu hanyar da za su bi su fito, ga mutum yana haki a kan dutse saboda ni.

"Yaya malaman naku? Yaya abokan karatu? Ka gano alƙibla a can kuwa?"

"Na gano, Baba."

"Madalla. Mahaifiyarka tana tambaya ko kilishin ya yi daɗi."

"A yi mata godiya, Baba."

"To ga Malam Sale ku gaisa, shi ya riƙo ni muka hau."

Muka gaisa da Malam Sale, ya tambayi gajiya, ya tambayi sanyi shi ma, ya ce in na tashi dawowa kada in manta da shi ko da agogon hannu ne. Ina cewa to, ina kallon ƙofar ɗakin daga sama. Na ɗauka an gama, sai Baba ya karɓa ya ce, "Ga Liman, tare muka zo, zai yi maka addu'a a kan abin da ka je nema."

Liman bai gajarta ba. Ya roƙa mini buɗi, ya roƙa mini nasara a kan abokan takara, ya roƙa mini farin jini wurin shugabanni. Ina durƙushe ina cewa amin. Wanjiru ta sauko da kofin shayi ta gan ni a haka, ta dafa kafaɗata a tsorace tana tambaya ko cikina ne ke ciwo. Na yi mata nuni da ɗakin da hannu, amma ba ta gane ba, ta ɗauka cewa nake ta ba ni wuri, ta koma sama a hankali.

Da aka shafa na sauka. Allon baƙi ne, sai 'yan ɗige-ɗige a can gefe inda hasken bai kai sosai ba. Na rage lezar na auna su ɗaya bayan ɗaya, da kulawar da ba ta da sauran amfani. Ina cikin haka mai lokaci na gaba ya ƙwanƙwasa ƙofa. Babu sauran ruwan da zan sake zubawa, babu kuma kwanakin da zan sake saƙa wani.

Ranar gabatarwa na nuna abin da na samu. Farfesa ta duba da kyau, ta ce waɗannan ɗin sun fuskanci inda na nufa, amma sun yi kaɗan a kafa hujja da su. Ta tambayi inda sauran suke. Na yi tunanin in ɗora wa kumfar iska, amma na faɗi gaskiya.

"Wani abu ya faru a gida?" ta tambaya.

"A'a, Farfesa. Gaisuwa ce."

"To me ya sa ba ka ce ya sake kira anjima ba?"

Ba da faɗa ta yi tambayar ba, so take ta gane. Na nemi Turancin da zan yi mata bayanin dutsen da gwiwoyin da Liman, na ga ko na samu kalmomin ba za su zama dalili a kunnenta ba. Na ce kuskurena ne. Ta gyaɗa kai.

Wanjiru aka ɗauka. Kada wani ya ce an zalunce ni: aikinta ya fi nawa tsabta tun farko, kuma mai yiwuwa ko da ƙwayoyina duka sun rayu ita ɗin za a zaɓa. Ina gaya wa kaina haka, kuma yawancin lokaci ina yarda. Da ta gane abin da nake nuna mata a matakala, ta riƙe kai ta ce, "Malam, da ka yi mini ihu!" Na ce ana addu'a ne. Ta raka ni har tashar jirgin ƙasa.

Dawowa ba ni da abin da na riƙe sai gajiya. Na sauka Kano, na kwana, na kama hanyar Birnin Kudu, ban ko tsaya ɗakina a can ba na wuce Gwaram. Na isa Farin Dutse bayan la'asar. Baba yana zaure, gwiwarsa ta dama ɗaure da tsumma. Malam Sale ya riga ya gaya mini a hanya cewa tun ranar da suka sauko daga dutsen take kumbure, har Juma'a ɗaya ta wuce shi.

Bayan mun gaisa, mutane sun watse, ya ce, "To, yaya batun komawar?"

"Wata aka ɗauka, Baba."

Ya murza carbi. "Allah ya sa haka ne mafi alheri."

"Amin."

"Ranar nan da na kira ka," ya ce, "bayan mun sauko na yi ta tunani. Na ji muryarka kamar a tsaye kake. Ba dai na katse maka wani aiki ba?"

Na dubi tsumman da ke gwiwarsa. Na ce, "A'a, Baba. Zaune nake, ba na komai."

"To madalla," ya ce. "Da ma abin ya tsaya mini a rai."

Wannan shi ne labarin, kuma na koma aji ranar Litinin. Baba ba ya karanta boko, amma da yawanku kuna zuwa gaishe shi, wasunku kuma bakinku ba ya riƙe magana. Ku ba shi labarin daddawa da kare in kuna so, zai yi dariya. Na ɗakin duhu kuwa, don Allah ku bar shi a nan.